Zani, Majanyi da Jakar Goyo ta Zamani



Mas'alar da muka ɗauko yau, ko da yake wani zai ga kamar ta tsakar gida ce wadda ba ta kai a kawo ta gidan rediyo ba, a haƙiƙa tana cikin manyan al'amuran amana, domin ta shafi numfashin jariri da ƙasusuwansa a watannin da ba shi da bakin faɗin abin da ke damunsa. Ita ce mas'alar jakar goyo ta zamani, wadda a 'yan shekarun nan ta bayyana a kantunan kayan jarirai na Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, ta shiga cikin kayan da ake tanadar wa mai ciki, har ana kai ta barka. Musamman irin wadda ake sauya mata fasali, watau jaka guda wadda za a ɗauki jariri da ita a ƙirji tun yana ɗan kwanaki, in ya girma a buɗe ta a faɗaɗa, a mai da shi kwiɓi ko baya, har ya kai shekara uku ko fiye.

Kafin mu shiga bayaninta, wajibi ne mu tuna wa kanmu cewa goyo ba baƙonmu ba ne, kuma babu wata al'umma a bayan ƙasa da za ta koya wa Bahaushiya yadda ake ɗora ɗa a baya. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya sha ganin yadda uwa kan sunkuya kaɗan, ta kama yaro ta damtse ta ɗora shi bisa gadon bayanta, ta matse hannunsa ɗaya a hammatarta don kada ya zame, ta yafo zani ta rufe shi tun daga wuya, ta ja bakin sama ta soke a ƙirji, ta tattaro na ƙasa ta ƙarƙashin mazauninsa ta murɗe ta soke, sa'an nan ta kawo majanyi ta tallafe shi ta ƙulle a gaba, ta miƙe ta ɗan jijjiga jikinta don ta ji ko goyon ya zauna. Duk wannan kuwa ba ya cin mata minti guda, kuma ba ya katse mata zancen da take yi. Ba a makaranta ta koya ba. Ta faro ne da goyon 'yar tsana, ta koma goyon ƙannenta da 'ya'yan makwabta, kuma a duk tsawon wannan koyo akwai idon uwa ko kaka ko gwaggo a kanta, mai ce mata, "Ke, gyara masa wuya," ko kuwa, "Ɗaga shi sama, ya zazzago." To, wannan ido na manya shi ne abin da jakar zamani ta zo mana ba tare da shi ba. Kaka ba ta san ta ba balle ta gyara wa jikarta, mai kanti sayarwa kawai ya sani, takardar bayanin da ke cikin kwalin kuwa da Turanci ko Faransanci ko Sinanci aka rubuta ta, in ma an same ta ke nan.

Asalin wannan jaka ma yana da alaƙa da yankinmu. A farkon shekarun 1960 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Ann Moore, ta yi aikin sa kai a ƙasar Togo, inda ta lura da yadda 'ya'yan da ke goye a bayan iyayensu mata suke cikin natsuwa a kasuwa da asibiti. Da ta koma gida ta haihu, sai ta nemi yin koyi da su, zanin ya ƙi zama mata, ita da mahaifiyarta suka ɗinka wata jaka mai maratayai wadda suka kira Snugli, aka yi mata rajistar ƙirƙira a 1969. A 1973 kamfanin BabyBjörn na ƙasar Suwidin ya fito da tasa, sa'an nan a farkon shekarun 2000 wata mata mai suna Karin Frost, a tsibirin Maui na Hawai, ta ƙera wadda ake kira Ergobaby, mai faɗin mazauni da ɗamara mai kauri a ƙugu, kuma a kan wannan fasali ne galibin jakunkunan yau suke tafiya. Saboda haka abin da ke rataye a kantunanmu ƙoƙari ne na mutanen da al'adar goyo ta ɓace musu, suka nemi su maido ta da allura da maɓalli. Wannan ba aibu ba ne, kuma ni ban ga dalilin ƙyamarta ba. Amma yana nuna mana ma'aunin da ya kamata mu auna ta da shi, watau mu duba ko tana yi wa jikin yaro abin da zani da majanyi suke yi masa.

Abu na farko da zani yake yi, wanda iyayenmu suka yi shekaru aru-aru suna aikatawa kafin likitoci su bayyana hikimarsa, shi ne buɗe cinyoyin yaro. Kan ƙashin cinya yana zaune ne cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu, kuma a lokacin haihuwa gurbin nan bai gama zurfi ba, yawancinsa guringuntsi ne mai taushi. Idan cinyoyi suna buɗe, gwiwoyi suna sama da mazauni, irin zaman kwaɗo, sai kan ƙashin ya shige tsakiyar gurbinsa, gurbin ya ci gaba da ginuwa a kewayensa, amma idan aka miƙe ƙafafun aka haɗe su aka ɗaure na tsawon lokaci, sai a tura kan ƙashin zuwa baki, wani lokaci har ya goce, yaro ya tashi da ɗingishi. Mutanen Japan sun ga wannan da idonsu. Da can sukan naɗe jarirai ƙafafu a miƙe, gocewar kwatangwalo kuwa ta yi yawa a cikinsu, sai a 1975 suka soma gangamin ƙasa baki ɗaya na hana wannan naɗi, cikin 'yan shekaru cutar ta sauko daga abin da ya haura 1 cikin 100 zuwa ƙasa da 2 cikin 1,000. A ɗaya gefen kuma, a wani asibitin ƙashi na yara da ke Blantyre ta ƙasar Malawi, inda mata ke goyo da zani kamar namu, likitoci sun bi takardun yara sama da 40,000 na tsawon shekara 10, suka bayyana a 2015 cewa ba su sami jariri ko ɗaya da aka kawo musu da wannan cuta ba, suka kuma rinjayar da zaton cewa goyon ne ya tsare su.

Daga nan mai saye zai fahimci sharaɗin farko. A juya jakar a dubi mazauninta, watau ƙyallen da yaro zai zauna a kai: lalle ne ya tallafe shi tun daga bayan gwiwa ɗaya har zuwa bayan ɗayar, ba tare da ya wuce gwiwar ya hana ta lanƙwasa ba. Akwai jakunkuna masu tsukakken mazauni, kuma su ne suka fi yawa a kasuwanninmu saboda araharsu, waɗanda yaro ke rataye a cikinsu ta tsakanin cinyoyi, ƙafafu suna reto ƙasa. Likitocin ƙashi ba su so a daɗe ana ɗaukar jariri a haka, musamman a watanni shida na farko, kuma ko mai ɗaukar ma tana shan wahala, domin nauyin yana janye ta gaba. Fa'idar jaka mai sauya fasali a nan take. Mazauninta yana da maɓallai ko abin mannewa a jikin ɗamara, wanda ake tsuke shi ga ɗan sati biyu, a ƙara buɗe shi ga ɗan wata huɗu, a sake shi gaba ɗaya ga mai shekara. Haka nan bangon da ke tallafe bayan yaro ana rage masa tsawo ko a ƙara. Sai dai jakar ba ta gyara kanta. Sau da yawa za ka ga an saye ta an bar ta yadda ta fito daga kwali, an zuba ɗan jariri cikin faɗin da aka yi domin ɗan shekara biyu, ya nutse ciki har ba a ganin kansa, alhali kuɗin da aka ƙara a kanta duk domin wannan gyaran aka biya shi.

Wannan nutsewa ita ce ta kawo mu ga babbar mas'ala, wadda nake roƙon iyaye mata, da kakanni, da 'yan reno, su ba ni kunnuwansu a kanta, domin ƙashi in ya goce ana iya gyara shi, numfashi kuwa in ya tsaya sai dai haƙuri. Jariri sabon haihuwa kansa yana da nauyi, wuyansa ba shi da ƙwari, hanyar iskarsa kuma siririya ce mai taushi. Idan ya zazzago cikin jaka ya ƙudundune har haɓarsa ta kwanta a kan ƙirjinsa, hanyar iskar tana iya tsukewa. Kazalika idan hancinsa da bakinsa suka manne da ƙyalle ko da jikin mai ɗauke da shi, ba shi da ƙarfin kau da fuska. Abin da ya fi ban tsoro shi ne a wannan hali ba ya iya kuka, sai ya yi shiru, uwa kuwa ta ɗauka barci ne ya yi daɗi. A watan Maris na 2010 hukumar da ke kula da amincin kayan masarufi a Amurka ta yi gargaɗi cewa tana bincike a kan mutuwar jarirai aƙalla 14 cikin shekara 20 a irin majanyin nan na ratayawa a kafaɗa, 12 daga cikinsu ba su kai wata huɗu ba. A cikin watan nan kuma kamfanin Infantino ya janye kimanin miliyan 1 na wani samfurinsa mai zurfi, wanda jariri ke kwanciya a naɗe a cikinsa, bayan rasuwar jarirai uku. Waɗannan ba su ne jakar da muke magana a kai ba, amma illar da ta halaka yaran nan tana iya aukuwa a kowace irin jaka, har ma a zani, matuƙar aka bar goyo ya yi sako-sako.

Saboda haka ƙa'idar ɗaukar jariri a ƙirji ita ce a ɗaure shi tamau, a tsaye, cikinsa a jikin mai ɗauke da shi, kuma ya kasance a sama ƙwarai, har in ta sunkuyar da kai leɓenta ya taɓa tsakar kansa. Fuskarsa ta kasance a bayyane, ana ganinta da kallo ɗaya ba sai an yaye wani abu ba, kuma a riƙa sa yatsa ƙarƙashin haɓarsa a tabbata akwai sarari tsakaninta da ƙirji. In ana so a gwada ɗaurin, a ɗora tafin hannu a bayansa a danna a hankali: idan ya matso ko ya miƙe, to akwai sauran sako-sako, a ƙara jan maratayan. Idan kuwa an ɗan sassauta jakar an ba shi mama a cikinta, wanda abu ne mai yiwuwa kuma mai sauƙaƙa wa uwa a cikin mutane, to da zarar ya saki a ɗaga shi a mai da shi sama a sake ɗaurewa, kada a bar shi ya yi barci fuskarsa a kife a nono.

A nan akwai wani abu da ya keɓanta da mu, wanda babu kamfanin da ya rubuta shi a takardarsa, shi ne dogon hijabi. Matanmu, Allah ya saka musu da alheri bisa kiyaye sutura, sukan zuba hijabi ya rufe su da goyon gaba ɗaya, ta yadda in ba ka ga tudu ba ba za ka san akwai yaro ba. Galibin yadin hijaban nan kuwa na roba ne, mai riƙe zafi da hana iska wucewa. Sutura wajibi ce, kiyaye rai ma wajibi ne, kuma ba su cin karo da juna in an yi dabara: a fito da kan yaro waje, ko a ɗaura jakar a bisa hijabin, ko a nemi mayafi mai sauƙi wanda zai rufe uwa ya bar fuskar ɗa a fili. Wannan ya fi zama lazimi ga jaririn da bai kai wata huɗu ba, da wanda yake fama da mura ko tari.

Ɗan bakwaini kuwa, da duk wanda aka haifa da ƙarancin nauyi, hukuncinsa daban ne. Galibin jakunkunan nan an rubuta a jikinsu cewa suna ɗauka daga kilo 3.2 zuwa kilo 20, kuma wanda bai kai ƙaramin adadin ba bai halatta a sa shi a ciki ba sai da izinin likita. Ba wai an hana shi jikin uwarsa ba ne. Shi ya ma fi kowa bukatarsa. Tun a 1978 wani likita mai suna Edgar Rey, a asibitin haihuwa na Bogota ta ƙasar Kolombiya, da ya ga kwalaben ɗumama jarirai sun kasa masa, ya soma ɗaura bakwaini a ƙirjin iyayensu, fata da fata, da ƙyalle. Kuma wani babban gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Nijeriya, inda aka yi namu a asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna a 2021 cewa fara wannan ɗauri nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jariran nan da kashi 25 cikin 100. Amma wannan aiki ne na ƙyalle mai taushi a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan jinya, ba na jakar kanti ba.

Game da sauya wa yaro wuri yayin da yake girma, alamar jikinsa ita ce hujja, ƙidayar watanni tana biye. Tun daga haihuwa har wuyansa ya yi ƙwari, a ƙirji ake ɗaukarsa yana fuskantar uwa. Idan ya iya zama da kansa ba tare da an tokare shi ba, wanda yawanci yakan kasance wajen wata shida, sai a mai da shi kwiɓi ko baya. Na san wata uwa za ta ce, "Malam, ai mu tun yana 'yan makonni muke goya shi a baya, ba abin da ya same shi." Gaskiya ne, Hajiya, amma da zani kuke goya shi, zani kuwa yana lafewa a jikin yaro ya naɗe shi har ƙeya, ya manne kansa da bayanki, kina jin motsin numfashinsa a fatarki, jakar kuwa tana da kauri da sarari wanda zani ba shi da shi, kuma jariri yana iya zazzagowa a cikinta a bayanki ba ki gani ba. Don haka in bukatar goyon baya ta kama kafin ya iya zama, a koma ga zani da majanyi, su ne suka fi dacewa da wannan aiki. Amma ɗaukar yaro a ƙirji yana kallon waje, wadda ita ce aka fi gani a hotunan talla kuma ita ce ta fi jan hankalin matasa, a ganina ita ce mafi ƙarancin amfani: ba ta halatta sai wuya ya yi ƙwari sosai, ba a daɗewa a cikinta, tana gajiyar da bayan mai ɗauka, kuma da zarar yaro ya fara gyangyaɗi dole a juyo da shi, domin kansa zai rinjaya gaba babu abin da zai tare shi.

Sai batun zafi. An ƙera yawancin jakunkunan nan ne a ƙasashen sanyi, da soso mai kauri da yadi ninki-ninki, mu kuwa a bazara, a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40. Jikin uwa ɗumi ne, jakar kuma tufa ce ta ƙari, saboda haka a nemi ta auduga marar kauri ko mai raga-raga, a sa wa yaro riga ɗaya shara-shara, a riƙa taɓa ƙeyarsa da ƙirjinsa, in an ji zufa ta jiƙe shi a sauke shi ya sha iska, a kuma yawaita ba shi mama.

Wajen saye kuwa, Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan ba ado kaɗai ake rasawa ba. Kasuwa cike take da na jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, waɗanda ɗinkinsu layi ɗaya ne, maɓallansu kuma na roba mai ƙarfin banza. A ja kowane maratayi da ƙarfi a dubi inda ya haɗu da jikin jakar, a ga ko an maimaita ɗinkin. A ɓalla kowane maɓalli a ji ƙararsa, a ja shi a ga ko zai kuɓuce. A nemi tambarin da ke nuna nauyin da take ɗauka, da lambar ma'aunin aminci, wadda a Turai ita ce EN 13209-2, a Amurka kuma ASTM F2236, ko da yake mai jabu ma yana iya buga lamba, don haka hannu da ido su ne shaidu na ƙarshe. Ta gwanjo mai asali sau da yawa ta fi sabuwar jabu, in dai ɗinkinta bai tsinke ba, maɓallanta ba su tsage ba, kuma babu abin da ya ɓace daga jikinta. In da hali a je da yaron a gwada, domin jakar da ta zauna wa doguwa ba lalle ta zauna wa gajeriya ba. Wadda kuma ba ta da halin saye, kada ta ji an bar ta a baya, kada kuma mijinta ya ci bashi don a ce su ma sun waye. Wanda yake da zani da majanyi bai rasa kome ba, sayen abin da ba a bukata don idon mutane kuwa israfi ne.

Duk da haka akwai waɗanda jakar ta zame musu rahama ta gaske. Akwai ɗaliba da malamar makaranta da matafiyiya, wadda ke bukatar ganin fuskar ɗanta a cikin cunkoso. Akwai mai tagwaye, wadda za ta goya ɗaya da zani wani ya ɗauki ɗayan. Akwai wadda ɗaurin zani a ƙirji yake takura mata, jakar kuwa tana sauke yawan nauyin a kan ƙugu ta hanyar ɗamara, sai dai wadda aka yi wa tiyata wajen haihuwa ta tambayi likitanta kafin ta ɗaura ɗamara a kan wurin ɗinkin. Sa'an nan akwai uba. Al'adarmu ba ta san namiji da zanin goyo ba, kuma kunya ta hana maza da yawa ɗaukar 'ya'yansu a bainar jama'a, alhali ya tabbata a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da Buhari da Muslim, ta hanyar Abu Ƙatada, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, yana sauke ta lokacin sujada yana sake ɗaukarta in ya tashi. Wanda ya fi kowa daraja bai ga ƙasƙanci a ɗaukar yarinya a gaban sahabbansa ba. Idan wannan jaka ta zama sanadin da magidanci zai karɓi jariri mai rigimar magariba ya zaga da shi tsakar gida, mai jego ta samu ta yi wanka ta ci abinci cikin natsuwa, to ta biya kuɗinta. Ba kuwa zato ba ne cewa ɗauka tana kwantar da kuka: a 1986 likitoci biyu a Montreal ta Kanada, Urs Hunziker da Ronald Barr, sun gwada, suka sami cewa jariran da aka ƙara musu lokacin ɗauka kukansu ya ragu da kashi 43 cikin 100 a sati na shida.

Akwai wuraren da ba a shiga da ita. Mai ɗauke da yaro a ƙirji kada ta kusanci murhu ko kaskon suya ko tafasasshen ruwa, domin shi ne a gaba, shi zai fara gamuwa da wuta da hayaƙi. Kada ta sha shayi mai zafi a bisa kansa. In za ta ɗauki abu a ƙasa ta durƙusa da gwiwa tana tallafe da shi da hannu ɗaya, ta kuma kula da dokin ƙofa da matakala, tun da yaron ya tare mata ganin ƙafafunta. Jakar ba ta tsare yaro a haɗarin mota ko babur, ba a kuma yi ta domin haka ba; kuma kada mai ɗauke da shi ta kwanta barci yana ɗaure a jikinta.

Ta fuskar tsarki, malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, sun yi rangwame ga tufar mai shayarwa wadda take iyakar ƙoƙarinta wajen kauce wa najasar yaro, suka kuma so ta keɓe wata tufa domin salla. Ita jakar kuwa, tun da tumbuɗi da zufa da fitsari ba su rabuwa da ita, a riƙa wanke ta da ruwa marar zafi da sabulu mai sauƙi, a ɓalla maɓallanta kafin wanki don kada su karye, a shanya ta a inuwa domin rana tana cin roba da zare, kuma duk bayan wanki a sake bin ɗinkin da ido.

Ranar da za a fara amfani da ita, kada a fara a bakin titi ana sauri. A zaɓi lokacin da yaro ya ƙoshi ya yi barcinsa ya tashi, a tsaya kusa da katifa, a sami mutum na biyu ya tsaya a gefe. A fara ɗaura ɗamara a sama da ƙugu, ga jariri ma a ɗaga ta har kusa da ƙasan ƙirji, a ɗauko shi a zaunar da shi a jiki cinyoyi a buɗe, a jawo bangon jakar a rufe bayansa, hannu ɗaya bai bar shi ba har sai an sa maratayai biyu an ɓalla maɓallin da ke tsakanin kafaɗu, sa'an nan a ja ragowar igiyoyin kaɗan-kaɗan har ya lafe. A kira kaka ta duba. Ko da ba ta taɓa ganin jakar ba, ta san yaron da ya zauna daidai da wanda ya zazzago, kuma in ta ce a gyara masa wuya, a gyara. Idan kuwa 'yar reno za a bar wa jakar, a tsaya a koya mata da hannu, a ga ta ɗaura ta kwance a gaban ido kafin a ba ta yaron ta fita da shi.